Toka a Ƙafafun Jirgin Alhaji

Dillanci na yi a Kaduna tun ina da ƙarfin yawo. A shekarun saba'in ina zaune a Kurmin Mashi, ɗaki ɗaya na haya, aurena ya mutu, jarina ƙafata da bakina. Ina shiga gidajen ma'aikatan gwamnati a Unguwar Rimi in karɓo kayan da matansu suka gaji da su, tire ne, buta ce, fitila ce, tasoshin tagulla ne, in kai Rafin Guza inda ake nemansu. Dillalai suna da yawa, amma ni an san ni da abu guda: ba na fita da kaya da dauɗa. Toka, lemun tsami da man keken ɗinki, da waɗannan ukun nake mayar da tsohon abu ya yi kamar yau aka ɗauko shi daga kanti. Mata har kirari suke yi mini a kan haka, ni kuma kaina yana kumbura.

Akwai wani gida da nake shiga, na wata Hajiya, mace mai kamun kai, ba ta da yawan magana. Mijinta babban ma'aikaci ne a da, ya yi karatu a ƙasar Turawa. Wata rana ya yanke jiki ya faɗi a ofis, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. 'Ya'yansu duk sun yi nisa, aure da aiki sun kwashe su. Ita take jinyarsa, shekara biyu ke nan a lokacin.

A falonsu akwai wani faffaɗan tebur, an kafa layin dogo ɗan siriri a kansa ya zagaye, da 'yar tasha, da gada, da itatuwan roba. Jirgin ƙasa ne ɗan ƙarami da Alhaji ya zo da shi daga can. Kan jirgin bai wuce tsawon tafin hannuna ba, baƙi, mai nauyi, da ƙafafun ƙarfe shida da wasu sanduna suka haɗa, yana jan taragu uku. Da lantarki yake tafiya. Akwai wani akwatin ƙarfe a gefen teburin da wayarsa ta shiga bango, in aka murɗa maɓallinsa sai jirgi ya tashi.

Kullum bayan la'asar Hajiya takan turo Alhaji a keken marasa lafiya zuwa gaban teburin, ta kunna. Idonsa yana bin jirgin, ita kuma tana ba shi kunun gyaɗa ko fate da cokali. In jirgin ba ya tafiya, ba ya buɗe baki. An yi lallashi, an yi addu'a, likita ya yi faɗa, duk a banza. Cin nan na bayan la'asar shi ne abincinsa na yini, sauran lokaci sai kurɓin ruwa.

Wata Litinin cikin damina na iske jirgin yana gardama. Ya yi tafiya ya tsaya, sai Hajiya ta zungure shi da yatsa ya ci gaba. Da aka gama ciyar da Alhaji aka mayar da shi ɗaki, ta ɗago kan jirgin ta juya shi ta nuna mini. Wata baƙar dauɗa ta naɗe ƙafafun kamar ƙanzo a gindin tukunya.

Ta ce, "'Yar'uwa, ke da kike wanke komai, ko za ki duba mini wannan? A da Alhaji ne yake yi da hannunsa, ban taɓa tsayawa na ga yadda yake yi ba. Amma fa ya dawo gobe kafin la'asar. Kin san halin da ake ciki."

Na ce, "Haba Hajiya, wannan ai aikin rabin sa'a ne. Gobe sai kin ga fuskarki a jikinsa."

Ban ce ban sani ba. Dillaliya ba ta saba da wannan kalmar ba.

Da safe na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina. Na tankaɗe toka, na matse lemun tsami a ciki, na tauna kan asuwaki ya yi laushi, na dirje ƙafafun nan ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje. Na ɗauraye da ɗan ruwa, na shanya a rana. Da ya bushe na kawo man keke na tsiyaya masa ba rowa, ƙafafu da sanduna da duk wata kafa da na gani. Ya yi ƙyalli har maƙwabciyata ta leƙo tana cewa in sayar mata ta ɗora a kan kabad.

Da la'asar na kai shi. Alhaji yana gaban tebur, kunu yana tururi a hannun Hajiya. Na ɗora jirgin a kan layi, ta murɗa maɓalli. Akwatin ya yi gurnani. Jirgin ya ɗan zabura kamar an tsikare shi, sai ya tsaya. Ta ƙara murɗawa har ƙarshe, ko motsi. Na ce ƙila turi yake so, na kama shi na zagaya da shi kan layin sau biyu da hannuna, na sake shi. Shiru.

Sai Alhaji ya yi wani sauti daga maƙogwaro, wanda ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Ya juyar da kansa wajen bango. Hajiya ta kai cokali, ya datse baki. Ta bi shi da cokalin, ya rufe ido.

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Wataƙila bai gama bushewa ba. Mu bar shi zuwa gobe."

Laraba tun kafin azahar na koma. Jirgin yana nan yadda yake. Alhaji bai sa komai a cikinsa ba, ruwan ma sai da ta ɗiga masa. Likitansu ya zo da safe, ya ce jikin ba shi da ajiyar da zai yi wasa da yunwa, in aka kai jibi haka sai asibiti a zura masa roba ta hanci. Hajiya ta ce wancan karon da aka yi masa haka fizge robar ya yi da hannun hagu har ya yi jini, kuma tun daga ranar ba ya yarda a nufi mota da shi. Tana faɗa tana ninke wani tawul, ta warware, ta sake ninkewa.

Na san ajali na Allah ne. Amma akwai sanadi, kuma sanadin ga shi a zaune a falon, da man keke a ƙarƙashin farcensa. Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in fita in hau motar Zariya in ɓuya wajen yayata har a gama abin da za a gama. Har na lissafa kayan da zan ɗaure. Abin da ya hana ni, na san duk inda na je zan riƙa kasa kunne ina jiran labarin rasuwa.

Na ce, "Hajiya, ba ni jirgin."

Ta dube ni. Ta ɗauko shi ta naɗe a tawul ɗin ta miƙo mini.

A Rafin Guza akwai wani dattijo mai gyaran rediyo, mutumin kudancin Kaduna, Kirista, da ya yi aikin wayar lantarki shekaru kafin ya buɗe 'yar rumfarsa a ƙofar gida. Nakan kai masa tsofaffin rediyo ya tashe su kafin in sayar. Baba nake ce masa, matarsa kuma Mama. Na isa ina haki, Mama ta ce ya tafi ƙauye jana'iza, sai gobe da safe. Na tsaya a ƙofar rumfar kamar an dasa ni. La'asar ta biyu ta wuce ke nan ba ci.

Alhamis rana ba ta gama fitowa ba ina ƙofarsu. Sai wajen hantsi ya sauko daga mota da 'yar jakarsa. Ban bari ya sha ruwa ba na kwance tawul. Ya ɗauki jirgin, ya auna nauyinsa a hannu, ya kai hanci ya shinshina.

"Uwar gwanjo, miya kika yi da shi? Ga lemu, ga mai, gishiri kawai ya rage."

"Baba, don Allah ba ranar wasa ba ce. Mutum ne kwance."

Na ba shi labari duka, har da tokar. Ya daina dariya. Ya ce wutar da ke tafiyar da jirgin ta cikin layin take bi, ta hau ta ƙafafun ƙarfen nan ta shiga injin. Baƙar dauɗar da Hajiya ta gani ita take tare wutar, shi ya sa yake tsayawa. Ni kuma na cire dauɗa na maye gurbinta da mai, wanda ya fi ta tare wuta, na kuma cusa toka a inda bai kamata ko ƙura ta shiga ba.

"Zai tashi?"

"In ba ki jiƙa masa ciki ba. Ruwa nawa kika zuba?"

"Kaɗan."

"Kaɗan na dillalai ko kaɗan na mutane?"

Ya aiki Mama ta ɗauko wata 'yar kwalba, ruwan sifirit, irin wanda ake goge wurin allura da shi a asibiti. Da ya buɗe warin ya bugi hancina na kau da kai. Ya ce, "Kwantar da hankalinki, ba burkutu ba ne, alwalarki tana nan." Ya sa aka kawo auduga, da tsinken tsintsiya, da allurar ɗinki. Sannan ya tura mini su gabana.

Na ce, "Ni kuma?"

Ya buɗe idanunsa da yatsa ya nuna mini. Yanar ido ta rufe su fari-fari. Ya ce rediyo da kunne da lalube yake gyara ta yanzu, amma wannan aikin na ido ne. A bayan kowace ƙafa akwai wani ɗan siririn ƙarfe, bai fi kaurin gashin wutsiyar doki ba, yana jingine da ƙafar, shi ke ɗaukar wuta ya kai ciki. Sai an zare tokar da ta maƙale tsakaninsu da bakin allura, ba tare da an lanƙwasa shi ba.

"In ya karye fa?"

"Babu shi a Kaduna. Sai a rubuta wasiƙa ƙasar Turawa, ki jira wata uku."

Wata uku. Mutumin da likita ya ba zuwa gobe.

Hadari ya fara haɗowa, cikin rumfar ya yi duhu. Mama ta ɗauko madubinta ta tsaya a bakin ƙofa tana karkato mini ɗan hasken da ya rage. Baba ya kwantar da jirgin rigingine a kan tawul ya riƙe shi. Na duƙa. Na ga ƙarafan, shida, kowanne da toka ta daskare da mai a gindinsa. Hannuna da bai taɓa rawa a gaban mai ciniki ba ya kama kyarma, bakin allura yana bugun ƙafar jirgin ƙyas-ƙyas.

Baba ya ce, "Ina jin ki. Ajiye. Ɗora gwiwar hannunki a kan benci. Riƙe numfashi in za ki taɓa, ki sake in kin janye."

Haka na yi. Na farko ya fita, na biyu ya fita. A na huɗu allurar ta zame, ƙarfen ya ɗaga sama ya rabu da ƙafar. Na ce, "Innalillahi."

"Ya karye?"

"Ya tashi tsaye."

"To, bai mutu ba. Kada ki danna shi ta kai. Je ki gindinsa, ki tura a hankali kamar kina lallashin mai cewa albarka."

Na tura. Ya koma ya jingina. Gumi yana ɗiga daga haɓata a kan benci, Mama tana cewa, "Yesu ya taimake ki, 'yata, saura biyu."

Da na gama, Baba ya jera manyan batura shida na rediyo, ya naɗe su cikin tsohuwar jarida ya ɗaure da roba, ya fito da waya biyu daga kai da gindi. Ya ce zai taɓa wayoyin a ƙafafun, hagu da dama, su riƙa juyawa, ni kuma in naɗa auduga a tsinke in tsoma a sifirit in dafa a kan ƙafar tana juyi, ita za ta wanke kanta.

Ni da lantarki ba ma ga maciji. A ɗakina fitilar ƙwai nake kunnawa. Akwai ranar da na taɓa wani tsohon firji a wani gida da jiƙaƙƙen hannu, ya ɗauke ni ya maka da bango, kwana uku kafaɗata ba ta ɗaguwa. Na gaya wa Baba haka. Ya kama wayoyin biyu da yatsunsa tsirara ya ce, "Ga ni, na mutu? Wannan ko ƙadangare ba za ta kashe ba." Na ji shi, amma jikina bai ji ba.

Ya taɓa. Shiru. Ya goga wayar a ƙafar ya sake taɓawa. Wani shuɗin tartsatsi ya yi tsalle, ƙafafun suka zabura suka kama juyi, sandunan suna kai da komo. Na yi ƙara na yar da tsinken, na tsinci kaina a waje cikin yayyafi.

Mama ta yi dariya har madubi yana rawa. Baba ya ce, "Dawo, matsoraciya! Ba ki ji ba? Yana da rai!"

Na dawo. Na dafa audugar ina kalmar shahada a zuci, ina jin injin yana kaɗawa har cikin haƙorana. Audugar ta fito baƙa ƙirin. Na canza wata, ta fito baƙa. Na yi ta canzawa har na daina ƙirgawa, har aka kai inda take fitowa fara. Kukan injin ya sauya, ya daina shaƙewa ya koma sumul. Baba ya sa na tsoma bakin allura a mai, ɗigo ɗaya, na taɓa a inda ya nuna mini da farce. Ya ce iyakar man da jirgin yake so ke nan a wata shida.

Ya shafa ƙafafun da ɗan yatsa ya ce, "Tokarki ta karce su. A da santsi ne da su kamar kwalba, yanzu dauɗa za ta riƙa kama su da wuri. Duk mako sai an goge. Kuma kin ce kin tura shi a kan layi da mai a jikinsa? To layin ma sai kin bi shi duka da sifirit. Ki zare wayar bango tukuna. Waccan ba ta batur ba ce, waccan tana kisa."

Na isa Unguwar Rimi ana kiran la'asar, zanena ya jiƙe sharkaf. A bakin falo na fara yi wa Hajiya bayani, ta ɗaga hannu. "Yi abin da ya kawo ki. Magana daga baya."

Na tsaya gaban wayar bangon. Jikina a jiƙe, ƙafata a jiƙe. Na roƙi busasshen tawul na goge hannu har ya yi zafi, na hau kan wata kujerar katako 'yar tsugunne, na naɗe hannun da tawul ɗin, na rufe ido na fizge. Ba abin da ya same ni. Na bi layin nan da ƙyalle da sifirit taku-taku, ƙarƙashin gada, gaban tasha, ƙyallen yana fitowa da baƙin layi biyu. Na goge ƙafafun taragun su ma. Sannan na mayar da wayar yadda na zare ta.

Hajiya ta turo Alhaji. Kwana uku sun cinye shi. Idonsa ya faɗa, leɓensa ya tsattsage, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na nufi tebur da jirgin, sai ya miƙo hannun hagu. Na dubi Hajiya, ta gyaɗa kai. Na sa masa a tafi.

Ya juya shi a kan cinyarsa. Ya bi ƙafa ɗaya da farcen babban yatsa, a hankali, ya tsaya. Ya sake bi. Sannan ya ɗago ya dube ni da idonsa guda da yake buɗewa sosai. Ya san abinsa, ya ji karcen.

Na durƙusa. Na ce, "Ni ce, Alhaji. Toka na sa, da mai. Ban sani ba, kuma ban tambaya ba. Ka yafe mini."

Bai kau da ido ba. Ina jin ruwa yana zuba daga indararo a waje. Can ya miƙa hannun wajen tebur yana neman ɗora jirgin da kansa. Ƙafafun ba su hau daidai ba, na sa yatsa na gyara, bai hana ni ba.

Hajiya ta ce in murɗa. Na kama maɓallin da yatsa biyu, na murɗa kaɗan. Akwati ya yi gurnani. Jirgin ya motsa, ya ja taragunsa, ya wuce tasha, ya hau gada, ya zagayo. Bai tsaya ba.

Ta kai cokali. Bakin yana rufe. Jirgi ya sake zagayowa, cokalin yana nan a tsaye a gaban leɓensa, hannunta ko rawa ba ya yi. A zagaye na huɗu ya buɗe, kunun ya shiga, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya sha cokali biyar ranar, ya gaji. Na zauna daɓas a ƙasa, Hajiya ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Tashi ki shiga ciki ki canza zane, kada ke ma ki kwanta mana."

Maganar da ta ce sai daga baya, ba ta taɓa tayar da ita ba. Alhamis ta zama ranata a gidan. Ko ina da kaya ko ba ni da su, nakan zo da 'yar kwalbata da auduga da batura a naɗe cikin jarida, in kwantar da jirgin rigingine in goge ƙafafunsa. Wata goma sha huɗu ina yi, har Allah ya karɓi abinsa. Kuma duk Alhamis sai Alhaji ya miƙo hannun hagu ya karɓa, ya bi ƙafafun da farce ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina tsaye gabana yana faɗuwa har ya ɗora shi a kan layi.